Baturan Malam Tasi'u Ba Su da Laifi

Tun kuna ƙanana kuke jin Baba Tasi'u yana cewa ni na tsamo shi daga rijiya, kuma duk sanda ya faɗa sai in yi murmushi in kawar da kai, ku kuwa ku ɗauka kunya ce irin ta mutumin kirki. Kunya ce, amma ba irin wadda kuke zato ba. Shi mutum ne da ke yanke labari ya bar wa mutane inda ya fi daɗi. Yanzu da idona ya fara gajiya, ku kuma kowa ya kama gidansa, gara ku ji cikakkensa daga bakina, kada wata rana ku tsince shi a bakin wanda ba ya ƙaunata. Rijiyar da yake faɗa ni na haƙa ta.

A shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano ina aiki a wani gida a Nassarawa GRA, irin tsofaffin gidajen nan na zamanin Turawa masu dogon baranda da itatuwan mangwaro. Mai gidan, Alhaji Garba, ɗan kasuwa ne mai hangen nesa. Ya kafa ƙaton faranti a bayan gida yana janyo intanet daga sama, yana rarraba wa otal-otal da ofisoshin unguwar, falon kuma ya mai da shi shago, aka jera kwamfutoci, ɗalibai da masu neman aiki suna zuwa. Duk abin da zai shiga ko ya fita sai ya bi ta cikin wata babbar kwamfuta guda ɗaya da muka ajiye a tsohon kicin. Gwaggo muke kiranta, don ba ta son zafi, ba ta son hayaniya, kuma ba a taɓa ta sai da izini. Ni ne mai kula da ita. Ni kaɗai ne a gidan nake iya buɗe cikin tsarin da ke tafiyar da ita in karanta, in ƙara, in rage, kuma ba zan ɓoye muku ba, kaina ya kumbura a lokacin. In na shigo da safe, gaisuwar maigadi ma da ka nake amsa ta.

Malam Tasi'u shi ne mai kula da wuta. Mutumin wani ƙauye ne a Jigawa, bokonsa bai yi nisa ba, amma in ya kasa kunne ga janareta zai gaya maka abin da ke damunta kafin ya ɗauko sifana. Yana zaune a boskwata, wato ɗakunan ma'aikata na bayan gidan, da matarsa Hauwa da 'ya'ya uku. Mu kuwa muna haya a Badawa, ni da mahaifiyarku Rahila, yayanku Markus yana goye. Lokaci ne na ɗar-ɗar. Siyasa ta dawo, kowa ya sami bakin magana, amma irinmu Kiristocin da muka zo daga wajen Zariya sai mu auna kalma sau biyu kafin mu sake ta. Wasu 'yan cocinmu har sun mai da iyalansu gida sai sun ga yadda gari zai kasance. Ba wanda ya taɓa ce mini uffan a wurin aiki, amma na sa wa raina cewa ana jiran in yi tuntuɓe.

Wata safiya Alhaji ya kira ni baranda.

"Iliya, ka san halin da ake ciki. Jiya dattawan unguwa suka zo mini, wai yara na kallon abin banza a shagona. Ba na son a wayi gari an garƙame mini ƙofa. Akwai yadda za a yi a toshe?"

"Akwai, ranka ya daɗe."

"Kai za ka iya, ko a nemo wani daga Legas?"

"Legas kuma? Ba ni mako ɗaya."

Sai in ɗan yi muku bayani, in ba haka ba sauran labarin ba zai shige ku ba. Saƙo a intanet ba ya tafiya a dunƙule, ana yanka shi ƙanana-ƙanana. Duk yankin da ya iso, kwamfuta tana ara masa ɗan wuri a memori, wato inda take ajiye abin da ke hannunta a wannan lokacin. In ya wuce, sai ta karɓi wurin ta ara wa na bayansa. Kamar kwanon abinci ne tsakanin maƙwabta, ya je ya dawo, shi ya sa 'yan kwanuka kaɗan suke isar unguwa. Abin da na yi shi ne na shiga daidai inda yankunan nan suke wucewa, a can cikin zuciyar tsarin, na rubuta abin da muka sa wa suna rariya. Duk saƙon da ya fito daga shago sai ta duba inda ya nufa, in yana cikin jerin wuraren da aka hana, ta yar da shi. Ta yi aiki tun ranar farko. Alhaji ya kawo dattawan suka gani da idonsu, ɗaya daga cikinsu har ya dafa kafaɗata ya sa mini albarka. Na yi mako guda ina tafiya kamar ba na taka ƙasa.

Bayan wata biyu Malam Tasi'u ma ya zo da tasa dabarar. A lokacin ba a yin yini ba a ɗauke wuta ba, wani lokaci sau uku, kuma kafin a tada janareta Gwaggo ta riga ta mutu, sai a jira ta farfaɗo, masu otal suna ta kiran waya. Ya samo baturan manyan motoci guda takwas da inbata, wato na'urar da ke mai da wutar batir irin ta gida, ya ƙera musu teburin katako da hannunsa, ya haɗa su yadda ko an ɗauke wuta Gwaggo ba za ta sani ba. Ranar da aka gwada, ya kashe babban makunni da kansa, fankoki suka tsaya, fitilu suka mutu, ita kuwa tana ta aikinta. Ya tsaya yana goge hannu a jikin riga yana dariya shi kaɗai.

Kwana tara bayan nan Gwaggo ta suma. Fitilarta na ci, fankarta na juyawa, amma ba abin da ke shiga ba abin da ke fita. Na kashe ta na kunna, ta tashi lafiya lau. Bayan kwana takwas ta sake, a tsakiyar rana, wani otal cike da baƙi 'yan siyasa masu taro. Karo na uku manajan otal ɗin ya zo da kansa ya ce in aka ƙara za su nemi wani. Alhaji ya tara mu ya yi tambaya ɗaya: me ya canza a gidan nan? Kowa ya waiga ya kalli Malam Tasi'u. Ni ma na kalle shi. Har na ƙara da bayanin da ba a tambaye ni ba, cewa wutar batir ba ta da tsabta, tana iya rikita ƙwaƙwalwar na'ura. Ban auna komai ba kafin in faɗa. Laifi tudu ne, na taka nawa na hango na wani. Aka cire baturan, aka koma yadda ake a da, kuma mako uku cur Gwaggo ba ta suma ba ko sau ɗaya. Wace shaida kuma ake nema? Alhaji ya ce wa Malam Tasi'u ya nemi wani wurin, ya kuma bar boskwata kafin ƙarshen wata.

Abin da ya tada ni ba tausayi ba ne, kada in yi wa kaina ado. Malam Tasi'u ne da kansa ya same ni a ƙofar kicin, hularsa a hannu.

"Injiniya, don Allah abu ɗaya nake roƙo. Ka nuna mini inda wutata ta ɓata ta. In na sani, ba zan je in cuci wani da ita ba."

"Zan nuna maka," na ce da shi, da irin muryar likitan da majinyaci ya dama.

Na shiga neman hujjar da zan ɗora masa a hannu in huta. Akwai lambar da Gwaggo ke nunawa ta yawan wurin da ya rage mata a memori. Na ɗauki littafi na dinga rubuta ta duk bayan rabin awa. Da safe, lokacin da ofisoshi da otal-otal suka fi aiki, lambar takan sauka ta hau, ta sauka ta hau, ba ta nisa. Amma da an tashi daga makaranta shago ya cika, sai ta fara sauka ba ta dawowa. Can sai a ɗauke wuta, Gwaggo ta mutu, ta tashi, lambar ta koma cike kamar ba a yi komai ba. Na yi kwana uku ina kallon wannan kafin abin ya faɗo mini. Babu batir ko ɗaya a jikinta, amma ga ta tana zubar da memori a gabana. Ashe ciwon yana nan tun tuni. Masu ɗauke wutar da muke tsine wa kullum su ne suke yi mata magani, suna kashe ta kafin ta cika. Malam Tasi'u bai kawo cutar ba, ya dai hana ta mutuwar da ke ɓoye cutar.

Saura in san ta ina take zuba. Ranar Juma'a da azahar ana rufe shago kowa ya tafi masallaci, ni kaɗai ake bari a gidan. Na zauna a kwamfuta ɗaya a falo, na buɗe shafin labarai sau ɗari, na je kicin na duba, lambar ta koma inda take. Na dawo na ɗauki adireshi ɗaya daga cikin jerin waɗanda aka hana. Ku dube ni, ɗan dattijon coci, ina ƙwanƙwasa ƙofar alfasha sau ɗari a jere, rariya tana koro ni. Na je na duba. Lambar ta sauka, ta kuma tsaya a ƙasa. Na sake ɗari, ta sake sauka daidai gwargwadon na farko. Sai na buɗe rubutuna. Ƙofa uku na yi wa saƙo a cikin rariyar: wanda ya halatta ya wuce, wanda ya lalace a hanya a zubar, wanda aka hana a yar. A biyun farko na rubuta a mayar da wurin da aka ara. A ta ukun, wadda domin ita aka yi aikin gaba ɗaya, na yar da abincin na manta ban mayar da kwanon ba. Layi ɗaya ne tak. Na rubuta shi, na sake harhaɗa tsarin, na tada Gwaggo, na ƙwanƙwasa ƙofar sau ɗari biyar, lambar ko gezau ba ta yi ba. Kafin masu masallaci su dawo na gama.

Daɗin da na ji a wannan lokacin ba ya faɗuwa. Duk wanda ya taɓa bin ɓoyayyen ciwo a cikin na'ura har ya kama shi ya san abin da nake nufi, har da ɗan tsalle na yi a kicin. Amma daɗin bai kai la'asar ba. Na ga Malam Tasi'u ya shigo da darduma a kafaɗa, ya ɗaga mini hannu, sai na sunkuyar da kai kamar ina karatu.

Ga abin da na dinga gaya wa kaina. An ba Kirista aikin toshe alfasha a shekarar Shari'a, sai ga shi abin da ya rubuta shi ne ke kashe na'ura duk sanda aka toshe. Wa zai yarda mantuwa ce? Za a ce da gangan na dasa don a gaji a cire rariyar. Magana irin wannan in ta fita daga gida ba ka san inda za ta tsaya ba, ga mace ga jariri a Badawa. Ban da haka, Alhaji ya riga ya yi mini alkawarin tura ni kwas ƙasar waje, in na dawo in riƙe sabon reshen da zai buɗe a Hotoro. Tunda na gyara, na ce, ai shi ke nan, a bar kaza cikin gashinta. Ranar Litinin na gwada wayo, na ce wa Alhaji ko za a sake jarraba baturan, wataƙila a dace. Ko ɗago kai bai yi daga jaridarsa ba, ya ce an gwada an gani, ba a sara a wuri ɗaya sau biyu.

Da na koma gida da yamma na tarar da kaji biyu ɗaure a jikin turmi. Rahila tana tsince shinkafa a tire.

"Kajin wa?"

"Hauwa ce ta kawo. Ta ce mota ba za ta ɗauke su da kaji ba, ran Alhamis za su tafi. Ta cire yaran daga makaranta ma."

Na ce Allah sarki, na wuce ɗaki. Ta biyo ni da tiren a hannu. Kun san mahaifiyarku, ba ta ɗaga murya, shi ya sa ba a tsere mata.

"Baban Markus, tun ran Juma'a ba ka cinye abincinka ba. Jiya a coci ana waƙa bakinka a rufe. Yanzu na ambaci Hauwa ka zabura. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Me ka yi?"

Na gaya mata duka, har da kwanon, har da tsorona. Ta saurara ba ta katse ni ba.

"Wa ya ce maka za a ce da gangan ne?"

"Ba sai an faɗa ba, Rahila. Kin san garin nan yanzu."

"Na san garin. Na kuma san matar da ta zauna da ni kwana biyu a asibiti da zan haifi yaron nan. Abin da kake tsoro wataƙila ya faru, wataƙila bai faru ba. Nasu kuwa ya riga ya faru, tana can tana ɗaure tukwane. Ni dai ba zan yanka kajin nan ba, kuma ba zan ba su tsaba da hannuna ina kallon idonka ba."

Na yi fushi, na ce ita ba ta san komai a kan aikin ofis ba. Ta ce gaskiya ne, ta koma tsintar shinkafarta.

Washegari Talata na sami Alhaji a baranda yana shan shayi. Na durƙusa, abin da ban saba yi ba, har ya ajiye kofin. Na buɗe masa littafin lambobin, na yi masa bayani da kwanon maƙwabta kamar yadda na yi muku. Ya bi lambobin da ido yana jan gemu.

"Tsaya in fahimta. Duk sanda yaro ya nemi kallon abin da bai kamata ba, aka hana shi, sai na'urata ta yi asarar kwano ɗaya?"

"Haka ne, ranka ya daɗe."

"Kuma a kwana tara suke cinye mata kwanuka kaf?"

"Wani lokaci takwas."

Sai ya fashe da dariya har da buga ƙafa. "La'ilaha illallahu! Ashe yaran nan ba sa gajiya! Mu muna nan muna zagin batir, ashe nacin 'ya'yan mutane ne." Da na ga ya yi dariya sai na yi ƙarfin hali na ce ina tsoron kada a ɗauka da gangan na yi, saboda abin da nake. Nan take fuskarsa ta canza.

"Kai Iliya, kar ka raina mini hankali. Wanda ya yi da gangan zai zo ya durƙusa ya tona kansa? Shekara nawa kana cin abinci a gidan nan? Ba addininka ne ya ci ka ba, girman kai ne, shi kuwa ba shi da masallaci ba shi da coci."

Wallahi ji na yi kamar an sauke mini buhun gero daga ka. Dodon da na kwana huɗu ina kiwo a raina, ashe ko inuwarsa babu a wurin mutumin nan. Har na fara miƙewa ina godiya, sai ya ɗaga hannu.

"Yaushe ka gano?"

Da a ce na ce jiya, da ba wanda zai ƙaryata ni. Na buɗe baki, na ji ba zan iya ƙara ko tsinke a kan abin da na riga na ɗauka ba.

"Ran Juma'a."

Ya lanƙwasa yatsu ɗaya bayan ɗaya. "Asabar, Lahadi, Litinin, yau. Mantuwar layi ɗaya ba komai ba ce, kowa na mantuwa. Amma kwana huɗu kana kallon bawan Allah yana haɗa kaya. Ba zan kore ka ba, don ka zo da ƙafarka. Maganar kwas da Hotoro dai ka cire ta a ranka, ba zan damƙa mutane a hannun wanda sai ya yi kwana huɗu yana shawara ba. Shi yana nan a bakin aikinsa, amma tashi ka je ka gaya masa da bakinka, ni ba zan ɗaukar maka wannan ba."

Haka aka yi. Wani aka tura kwas ɗin, shi ya riƙe Hotoro, ni kuwa na ƙara shekara shida a tsohon kicin tare da Gwaggo. In kun taɓa mamakin abin da ya sa abokan aikina na lokacin suka gina gidaje kafin ni, to ga dalilin. Ya yi mini ciwo, ba zan ce bai yi ba, amma hukuncin daidai ne.

Na zagaya bayan gida. Ƙofar boskwata a buɗe, an naɗe katifu an ɗaure da igiya, tukwane a cikin buhu. Malam Tasi'u yana zaune a kan benci a gindin mangwaro, baturan nan takwas a jere a gabansa, yana goge kawunansu da tsumma ko da yake ba wanda zai ƙara amfani da su. Na tsaya a gabansa na faɗi komai, ban rage ba, har da kwana huɗun. Na shirya wa zagi, na ma fi son ya zage ni. Bai ɗago ba sai da na gama.

"Injiniya, kana nufin wutata lafiya take?"

"Lafiya lau take, Malam. Ita ce ma ta tona ciwon. Ni ne na ɓata."

"Ba waya ko ɗaya da na juya?"

"Ko ɗaya."

Ya ajiye tsumman. Ya buɗe tafukan hannunsa yana kallonsu.

"Ka san na riga na yarda ni ne? Sau uku ina kwance haɗin nan ina sake bi, ban ga komai ba. Na ce to, Tasi'u, ido ya tafi, kai ya tafi, ka koma gona tun kafin ka ƙona gidan mutane. Har wurin Alhaji na je na nemi gafara a kan abin da ban san ko mene ne ba." Ya share fuska da hannun riga. "Kwana huɗun nan naka, kai da Allahnka. Ni dai ka dawo mini da hannuna."

Ya miƙe, ya leƙa ƙofar ɗakin, muryarsa ta fito da ƙarfin da na yi makonni ban ji ba.

"Hauwa! Kwance kayan nan. Gobe yara su koma makaranta."

Sannan ya juyo ya kama hannun batir ɗaya, ya nuna mini ɗaya gefen da haɓa.

"Kama nan, Injiniya. Da nauyi fa, kar ka sake mini shi a ƙafa."